Maganin Hajo Mai Daddawa

Duk wanda ya tashi a Toranke kafin a canza kuɗi zuwa naira ya san Hajo mai daddawa. Gajeriya ce, ga faɗa, ga sakin hannu. In ta sayar maka da daddawa, gyaran yakan fi abin da ka saya yawa. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar mata ɗa guda, Tukur, da 'yan shanu. Ni 'yar ƙanwarta ce, ina aure a Gafasa lokacin, sai daga baya na ji yadda aka yi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Tari ya kama ta, irin mai zuwa da jini. Tukur ya ɗora ta a jaki zuwa Gaya, wurin Malam Datti na ɗakin shan magani, wanda kowa ke kira likita. Ya duba ta, ya ce ciwon yana warkewa, amma sai an sha ƙwaya kullum, wata da watanni, ba fashi. Maganin ya ƙare a wurinsa, sai a kemis a Kano, ga tsada. Tukur ya sayar da maraƙi ya sayo.

A ƙa'idar Malam Datti, shi ke riƙe magani, mara lafiya ya riƙa zuwa yana karɓar kaɗan-kaɗan. Amma ya dubi nisan Toranke, ya tausaya mata, ya ce ta tafi da shi duka.

Bai san Hajo ba. Ba ta iya jin tari ta bayan danga ta yi shiru. Ɗan maƙwabciyarta Baiwa ya yi mura, ta ɗebo ta ba uwar. Maiwada maƙeri ya ce ƙirjinsa na ciwo, ta ba shi. Nan da nan labari ya bazu, Hajo na da maganin Kano. Masu zuwa dubiya rabinsu da tari suke shigowa, tarin da ba su da shi a ƙofar gida. Ta ja musu kunne kada Tukur ya ji.

Baiwa ta taɓa ce mata, "Yaya Hajo, naki ne fa."

Ta harare ta ta ce, "To, ni kaɗai aka haifa da ƙirji?"

Da aka koma Gaya, ta ƙara ramewa. Malam Datti ya ce, "Inna, kina sha kuwa?" Ta ce, "Ina sha, likita." Tana sha ɗin, ranar da ba mai roƙo. Shi kuwa ya ɗauka ciwon ya fi ƙarfin maganin, ya sauya mata wani mafi tsada. Tukur ya kai saniya kasuwa.

Ta rasu da kaka. Malam Datti ya tuƙo keke har Toranke don ta'aziyya. Ya zauna a tabarma kusa da Tukur, yana cewa shi dai bai san inda maganin ya gaza ba. Sai Maiwada ya matso, da zuciya ɗaya, don ya kwantar masa da hankali.

"Haba likita, kada ka zargi maganinka," in ji shi. "Wallahi mai kyau ne. Babu gidan da bai sha ba a unguwar nan, kuma duk mun samu sauƙi."

Tukur ya ɗago kai, ya bi mazauna tabarmar da kallo ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya iya haɗa ido da shi.