Haramin da ya rufe allo a Kudai

Ko tsufa zai kwashe min komai, har sunan unguwarmu, ba zai kwashe ranar da aka yi wa motata janwe a Kudai, nan cikin Makka, ba. Tsohuwar mota ce, sai ta yi tari kafin ta tashi, kamar mai ita. Amma ita ke kai ni maƙabarta duk Juma'a in gaida mai ɗakina, wadda a lokacin ta shekara biyu da rasuwa. Allah bai ba mu haihuwa ba.

Ranar Litinin ce, an gama aikin Hajji da 'yan kwanaki. Na ajiye motar gindin wani ƙarfe da alhazai suka shanya harami a kansa, na shiga sayen maganin gwiwa. Na fito, babu mota. Da na ɗaga haramin sai ga allon hana ajiye mota a ƙarƙashinsa. Na leƙa masaukin alhazan, aka ce tun da safe bas ta kwashe su zuwa Jidda. Na naɗe haramin a hammata, na ce ga hujjata.

A filin da ake tsare motoci na tarar da wani ma'aikaci mai furfura a bayan taga. Ya faɗi kuɗin janwe da Larabci. Ni karatuna bai wuce izu biyar ba, amma ranar sai na zama babban malami. Na shimfiɗa masa haramin, na gyara murya.

"Ya shehi, allon nan na same shi cikin harami. Mai harami kuwa an hana shi farauta. Da wane hukunci ya kama min mota?"

Ko murmushi bai yi ba. "Ya Hajji, biya ka tafi."

Na ƙi. Na koma Talata, na koma Laraba, ina shirya sabbin hujjoji a cikin bas, Juma'a kuma tana ƙaratowa. Bari in faɗi gaskiya yanzu da na ƙara tsufa: kuɗin ba su fi ƙarfina ba. Tun rasuwar mai ɗakina ban yi doguwar magana da kowa irin wadda na yi a tagar nan ba.

Ranar Laraba ya gaji da ni. "Kawo mutum ɗaya da ya san ka, ya sa hannu cewa ba ka ƙarya, in kai takardarka sama."

Na zauna a benci, na buɗe waya. Wannan ya koma Sakkwato. Wannan igamarsa, wato takardar zama, ta ƙare, ya tafi. Wannan da hannuna na sa shi a kabari. Lambarta ma tana nan, ban goge ba. Maƙwabtana na unguwar Ka'akiyya kuwa, na san takalman da ke ƙofar kowannensu, amma ban san sunan ko ɗaya ba. Ita ce ta san su. Shekara talatin a Makka, garin da duniya ke cika, na rasa mutum ɗaya.

Ranar Alhamis na tura masa kuɗin ta taga. Ya dube ni, sai na ji Hausa ta fito daga bakinsa, mai nauyi, irin ta jikokin waɗanda suka zo ta Sudan.

"Baba, yau ba fatawa? Ina mai shaidar taka?"

"Tana maƙabarta. Gobe zan je wajenta."

 Ya karɓi kuɗin, don aikinsa ne, ya buga hatimi, sannan ya turo min kofin shayinsa da bai taɓa ba.

Juma'a na je, na yi mata addu'a, na faɗa mata an ci ni tara kuma laifinta ne. Da na dawo na ƙwanƙwasa ƙofar mai takalmi lamba arba'in da biyar, na tambaye shi sunansa.

Haramin yana nan a akwatina, in mai shi ya dawo. Abin da ya koya min shi ne: wanda ya rasa mai yi masa shaida a kan allo, ya fara tunanin wa zai ɗauki makararsa.