Tarin da Yaya Ya Danne

Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Gusau, hakimi ya aiko ƙauyenmu Karakkai cewa gidanmu ya ba da yaro guda don makarantar boko. Kowa ya san yadda ake yi a lokacin: a ɓoye ɗan da ake ji da shi, a miƙa wanda ba ya tsinana komai a gona. Baba ya cusa Yaya cikin rumbun gero ya rufe. Ni mai shanyayyar ƙafa aka yi wa wanka, aka tsayar a ƙofar gida, dogari ya tafi da ni. Har yau abin yana sosa mini rai.

Da na dawo hutu, Yaya ya ja ni garke ya ce lallai sai na koya masa Turanci. Don mugunta na zaɓo darasin da ya fi jawo mini bulala. Mu mukan ce farar saniya, fararen shanu. Shi kuwa Bature kalmarsa ta farin launi ba ta motsi, ko saniya ɗaya ce ko garke guda. Ni na yi watanni ina liƙa mata wutsiyar jam'i. Yaya sau ɗaya ya ji. Na ƙara masa baƙi da ja, ya bi shanun da sanda yana kiransu da Turanci, ko tuntuɓe bai yi ba. Haushi ya kama ni, wallahi, amma na san kan boko a gidanmu nasa ne.

Da yamma ya durƙusa gaban Baba ya roƙi a bar shi ya bi ni makaranta.

Baba ya ce, "In ka tahi, wa za shi riƙe min gona da bisashe?" Ya juyo kaina ya ce kada in kuskura in ƙara masa ko harafi. Karatun Yaya ke nan.

Na zama akawu a Gusau, shi ya tsufa a gona. Wata kaka ya kawo mini gero, ya tarar da yarana suna bitar Turanci a zaure. Ya zauna ya jero musu shanun nan nasa, fari da baƙi da ja, daidai, babu kuskure. Yaran suka yi ta dariya, suka ce ya ci gaba. Ya ce iyakarsa ke nan.

Da na raka shi bakin hanya ya ce, "Ka san ranar nan a rumbu, ƙaiƙayi ya taso min da tari, ina jin muryar dogari, na toshe baki na danne. Ai da na sake shi."