Rubutun Fim Ɗina Daga Wurno Zuwa Goronyo

Mun tashi da asuba daga Wurno, ni da ƙanena a kan babur ɗinsa, rubutun fim ɗina na cikin waya. Labarin masunta ne, na daɗe ina fama da shi. Wani furodusa daga Kano ya zo Goronyo duba wuraren ɗaukar fim, aka haɗa mu ta waya. Ya ce da la'asar zai wuce, kuma ba ya karatu a waya, sai a takarda.

Injin mai buga mana takardu a gari ya lalace, dole muka fara nufar Rabah. Damina ta yi kyau, gero ya kai kafaɗa, amma hanyar duk ramuka cike da ruwa. Fetur a galan ya yi tsadar da ƙanena ya riƙa kashe babur a kowane gangare.

Mai shagon buga takardu na Rabah ya san aikinsa. Ya sa kowace fitowa ta fara da wuri da lokaci, sunan mai magana a tsakiya, maganarsa a ƙasa. Ya yi bango da suna da lambata, ya sa taƙaitaccen labarin a shafin farko. Sai ya tsaya yana kallon kwamfuta.

"Malam, wanga 'mi' da 'munka' fa? Mutanen Kano dariya za su yi maka. Bari in gyara."

Na ce ya gyara. Aka buga, aka ɗinke da zoben roba, na naɗe a leda saboda hadari. Muka karya kumallo da masa a tsaye, muka juyo.

Mun isa Goronyo bayan azahar. Muka tarar da furodusan a bakin dam, ƙarƙashin rumfar masu soya kifi, yana cin karfasa. Na miƙa masa rubutun da hannu biyu. Ya wanke hannu, ya karanta shafin farko, ya tsallaka tsakiya. Ina kallon fuskarsa, ƙanena kuwa kifin yake kallo.

"Tsari ya yi," in ji shi. "Amma masuntan nan naka 'yan ina ne?"

Na ce na nan ne.

Ya nuna wani dattijo da ke gyaran taru, wanda a lokacin yake ƙwala wa wani kira: "Kai, mi kaz zo yi nan ba kwalekwale?"

"Ka ji? Naka kuma suna magana kamar 'yan Kantin Kwari na Kano. Irin wannan ina da su jibge a ofis. Abin da ba ni da shi na zo nema."

Na gaya masa yadda aka yi a Rabah. Ya yi dariya, ya riƙe shafin taƙaitawar, ya maido mini sauran. Ya ce in mayar wa mutanena bakinsu in aiko, zai karanta har ƙarshe. Bai yi alkawarin saye ba.

Ba mu daɗe ba muka kamo hanya, don yanzu ba a son yamma ta riski mutum a wajen gari. Mun shiga Wurno ana yayyafi. Na koyi yadda ake tsara rubutun fim a takarda, na kuma koyi cewa mai shago ba shi da laifi. Tambayata ya yi, ni na ce a gyara.