Baƙin Tabon da Na Yi wa Dariya

A lokacin shekarata ashirin da huɗu, sabuwar malamar kimiyya a wani kolej a Matameye, ina ji da kaina don na yi karatu a Damagaram. Ina da kaifin baki, kuma ina jin daɗi in na yi magana aji ya fashe da dariya. Na ɗauka haka ake sa yara su so malami. Na rubuto muku ne don abin da bakin nan ya jawo ya hana ni sakat har yau.

Da muka zo darasin ƙwaƙwalwa, sai na ce kowa ya je gida ya gina siffarta da yumɓu, ya raba ta dama da hagu, ya yi mata lanƙwashe-lanƙwashe kamar yadda na zana a allo. Ranar Litinin suka jera aikinsu a kan tebur. Wasu kamar curin fura, wasu duk sun tsattsage a rana. Wadda ta fi kyau ta wata yarinya ce mai shiru-shiru, 'yar wani ƙauye ta wajen Kurni, da ke zaune gidan gwaggonta don karatu. Ta shafe ta da farar ƙasa sumul, amma a ɓarin hagu ta yi wani baƙin tabo da gawayi. Ban tambaye ta dalili ba. Na ɗaga aikin sama, na ce wa aji su dubi ƙwaƙwalwar mai ita, ga inda ta ruɓe, shi ya sa ba ta amsa tambaya. Aka yi ta shewa. Ta ɗaga hannu za ta yi magana, na ce ta sauke, na kuma rage mata maki. Kafin a tashi, yara sun fara kiranta mai ruɓaɓɓen kai.

Ta ƙara kwana huɗu tana zuwa, daga nan na daina ganinta. Ban neme ta ba sai bayan mako uku, da direkta ya ce in je in ji ko lafiya. Gwaggon ta shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni ruwa, sannan ta faɗa mini komai ba tare da ta ɗaga murya ba. Ashe mahaifin yarinyar ya faɗi a gona da damina, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta daina fita. Da aka kai shi asibiti a Damagaram, da ita aka tafi, don ita kaɗai ke jin Faransanci a gidan. Likita ya nuna mata hoton kan mahaifin, ya ɗora yatsa a kan wani tabo ta hagu, ya ce nan ne jini ya toshe. Abin da ta gani da idonta ta gina. Gwaggon ta ce kwana biyu ta yi a kan aikin, tana cewa za ta tambayi Madam ko irin wannan tabon yana gogewa.

Na nemi ganinta, aka ce ta koma ƙauye jinya, ta kuma ce ba za ta sake zama a ajin da ake yi wa ciwon babanta dariya ba. Na hau babur ɗin kabu-kabu na bi ta har can. Ta durƙusa ta gaishe ni, na roƙi gafararta, ta ce ta yafe, amma ba ta dube ni ba, ba ta kuma dawo makaranta ba. Mahaifin ya rasu kafin bazara.

Har yanzu ina koyarwa, amma na san yanzu cewa yaro ba ya shigowa aji shi kaɗai, da damuwar gidansu yake zuwa, kuma ba kowane ne zai iya faɗa da baki ba. Ina roƙon duk wanda aka ba amanar 'ya'yan mutane, in yaro ya kawo abin da bai gane ba, ya tambaye shi tukuna, ya kuma tsaya ya ji amsa. Wadda ta fi kowa fahimtar darasina ita ce ta bar karatu, kuma ni na kore ta.