Yadda Wasan Tankar Yaƙi Ya Kusa Sa a Kira Ni Infoma

Edita, ina gaisuwa, a taimaka a ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe yana cin raina. Lokacin da abin ya faru ni saurayi ne da bai daɗe da gama sakandare ba, ina zaune Bodinga gidanmu, ina jiran shagon cajin waya na wani yayana. Aikin ba wuya, ka karɓi waya, ka manna mata lamba, ka soka, ka koma ka zauna. To zaman nan ne ya haɗa ni da gem ɗin tankokin yaƙi, wanda ake bugawa da mutane daga ko'ina, ku haɗu ku yi runduna ku yaƙi wata rundunar. Wallahi tun ranar da na fara, abin ya shiga jinina. Ba wanda ya koya mini, ni da kaina na riƙa kallon bidiyo, ina shan kashi ina tashi, har na gane abubuwan da nike ganin ba kowa ya sani ba.

Ka san tanka ba ko'ina take da kauri ba? Sulkenta na gaba shi ne mai ƙarfi, gefe da baya kuwa sirara ne, shi ya sa mai hankali ba ya taɓa ba abokin gaba haƙarƙarinsa. Ba a hawa kan tudu a tsaya tsirara, laɓewa ake yi bayansa, a ɓoye jiki a leƙo da kai da bakin bindiga kawai. In ka ɗan karkace ta, harsashi sai ya zame ya wuce. Kuma duk girmanta, in ba sojan ƙasa a gefenta makauniya ce, wani ƙaramin abu daga sama ko daga cikin ciyawa sai ya gama da ita. Irin wagga magana nike yi wa duk wanda ya kawo caji, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Abokaina sunka laƙaba mini Janar, in na taho sai su sara mini suna dariya, su ce wai nawa na kashe yau, an bar musu na miya? Inna kuwa cewa take yi Janar ya ajiye yaƙi ya ɗebo mata ruwa, in an ci nasara a dawo da bokiti. Ina dariya, amma can ƙasan zuciyata abin yana mini ciwo, don ba ni da mutum guda da zai zauna ya saurare ni har ƙarshe.

Ana haka na haɗu da wani a cikin gem ɗin, na ji yana Hausa. Farin cikin da na yi ba ya misaltuwa. Munka yi musayar lamba, munka koma aika wa juna saƙon murya. Ya ce shi ma ɗan yankinmu ne, daga wani ƙauye bayan Lambara, neman abinci ya fitar da shi. Malam yake ce mini, ni da ko gemu ban tara ba. Duk abin da na bayyana sai ya ce kai Malam, Allah ya ba ka kai, da soja ka shiga da yanzu ana sara maka. Abu guda dai ya riƙa ɗan taɓa ni: mutumin nan bai iya wasan ba, kuma ba ya ƙaruwa. Zan koya mishi laɓewa yau, gobe ya fito fili a narka shi, ko a jikinsa. Duk mai gem ya san zafin faɗuwa, shi kuwa ba ya jin sa. Na lura, amma daɗin Malam ya rufe mini ido.

Da lokacin cirar albasa ya zo, anka tura ni wurin kawuna, ƙanen Inna, a wani ƙauye kusa da Shagari, in kama mishi aiki. A kan hanya, kusa da inda ake sauka a shiga ƙauyen, na ga abin da ban taɓa gani ido da ido ba: mota mai sulke ta gaske, jami'an tsaro na zaune a inuwarta. Kowa ya san halin da ake ciki, kowa ya san dalilin da ya sa take wurin, amma ni a lokacin ba wanga tunani a kaina, ji na yi kamar gem ɗina ne ya fito daga waya ya tsaya bakin titi. Tun kafin in ajiye jaka na aika wa mutumina saƙo ina haki. Shi kuwa sai ya yi dariya, ya ce haba Malam, ai wannan motar ɗaukar kaya ce anka shafa wa fenti, mai sulke ta gaske ba za a kawo ta ƙauye ba. Raina ya ɓaci. Na ce ni zai gaya wa? Na zayyana mishi cewa taya gare ta ba kaca ba, na gaya mishi inda bakin bindigarta ke kallo, har na ƙara da cewa in ni ne da na matsar da ita bayan tudu. Ya ce shi dai gani ya kori ji, in ɗauko hoto, kuma in duba ko kullum tana nan ko tana tafiya ta dawo, don ta gaske ba ta zama wuri guda.

Haka na fara ƙirƙiro dalilin zuwa bakin titi. Akwai mai shayi a wurin, sai in zauna in sha abin da ba na marmari, idona na kan motar. Wata rana da hantsi na ɗaga waya kamar ina neman sabis, na ɗauki hoton. Da na sauke hannu sai munka haɗa ido da mai shayin. Ya ci gaba da kaɗa ƙwansa, amma kallon da ya yi mini ya sa na cusa wayar a aljihu. Ban aika hoton ba. Na ce bari in bari sai anjima, anjima ta zama gobe. Mutumina kuwa ya matsa, gaisuwarsa ta gajarce, ba Malam ya aiki, ba ya albasa, sai ina hoton. A nan ne na fara komawa ina sauraron tsofaffin saƙonninmu, na ga tun da na zo ƙauyen nan bai sake tambayata komai game da gem ba.

Ashe ni ma ana saurarona. Na fara ganin canji a gari. In na yi sallama a majalisa sai a amsa a taƙaice, hira ta mutu, wani ya ɗauko zancen zafin rana. Manoman wurin suna da al'adarsu, sukan haɗu su ɗauko babbar mota guda ta kwashi albasarsu, kuma saboda halin hanya ba a shelar ranar tashi, tsakaninsu suke yin ta. Da farkon zuwana a gabana ake wagga magana, ni ɗan gida ne. Yanzu kuwa da na matso da buhu sai kowa ya ja bakinsa. Ranar da na tabbatar abin ya yi nisa ita ce ranar da wata tsohuwa da ke ba ni fura ta ga na nufo, ta juya ta shige gida. Ban ji kalmar daga bakin kowa ba, amma na san ta, kowa a ƙasarmu ya san ta, kuma ya san wanda ta manne wa ba ya wankuwa da sabulu, wani ma ba ya kai ga yin bayani.

Bayan la'asar kawu ya kira ni gindin bishiyar da muke yanke ganyen albasa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ɗana, abokan nomansa sun ce in dai ina gidansa ba za a loda buhunsa guda a motarsu ba, kuma maganar ta wuce albasa, sunansa ne da na uwata a bakin mutane, in gaya mishi gaskiya mi nike nema wurin motar sojoji. Na ciro waya na nuna mishi gem ɗin, kuma ka ga halin banza, ko a wannan hali sai da na fara yi mishi bayanin sulken gaba da na gefe. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce to ya ji na tanka, shi wanga aboki nawa ɗan gidan wa ne? Na san sunan da yake amfani da shi a gem, na san irin tankar da yake so, amma ban san ubansa ba, ban san ko da sunansa na yanka ba.

Kawu ya ce ai abin mai sauƙi ne, tun da ɗan bayan Lambara ne, shi yana da zuwa can duba wani ɗan'uwa. In gaya wa abokin nawa kawuna zai biya ya gai da mahaifinsa, ya kai musu 'yar albasa ta miya, ya faɗi gidan. Haka ake yi, ba a wuce ƙofar gidan abokin ɗa hannu sake. Na aika a gabansa. Amsa ta zo cewa Allah sarki, ai mahaifin nasa ya rasu. Kawu ya ce Allah shi jiƙan shi, ashe ma ta'aziyya ke kanmu, yanzu zuwa ya zama dole, wane gida ne? Mutumin ya ce ai iyalan sun tashi. Kawu ya ce maƙwabta ba su tashi ba, ya faɗi sunan limamin garin ko mai garin, can za a kai gaisuwar. Da saƙon ya shigo, murya ce da ban taɓa ji daga gare shi ba, ba wasa ba dariya, ya ce mi ya kawo tsoho cikin maganar yara, in turo hoton in daina wahalar da shi. Kawu ya dube ni, ni ma na dube shi. Kafin in rubuta wani abu hotonsa ya ɓace daga wayata, ya toshe ni, a gem ɗin ma babu shi babu alamarsa.

Washegari da safe kawu ya sa babbar rigarsa, ya ce in riƙe wayar a hannu kowa ya gani, munka ratsa tsakiyar gari a ƙasa zuwa ƙofar mai gari. Munka tuɓe takalmi daga nesa munka zube. Kawu ya yi gaisuwa, ranka shi daɗe, Allah shi ja zamaninka, Allah shi ƙara maka imani, ya ce ya kawo ɗansa da kansa tun kafin a zo ɗaukarsa, ga yaro ga waya, a bincika, in an samu ƙazanta shi ba ya roƙon komai. Anka kunna saƙonnin duka a gaban dattawa. Edita, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ina durƙushe ina jin muryata tana alfahari, tana faɗin inda bindigar da ke tsaron mutanen nan take kallo. Wani dattijo ya ce wanga ba mugu ba ne, wawa ne, wani ya amsa mishi cewa ai wawa ya fi mugu arha, shi ba a biyansa. Daga nan mai gari ya haɗa mu da wakilinsa zuwa wurin babban jami'an. Jami'in ya yi mini tambayoyi masu yawa, ya tabbatar hoton bai fita ba, ya riƙe wayar na wani lokaci. Da zai sallame mu, ashe kawu ya gaya mishi laƙabina, ya ce Janar, tun da na san tanka makauniya ce sai da mutanen da ke gefenta, to in sani mutanen gari su ne idonsu, kada in sake ara wa wani nawa.

An wanke ni a baki, an loda albasar kawu tare da ta kowa. Amma ranar da motar ta tashi, sai da na fito na ga wurin buhunan wayam sannan na sani, har kawu bai gaya mini ba, kuma ban ga laifinsa ba. Bayan 'yan kwanaki na ga an sauya wa mota mai sulken wuri. Ko saboda bakina ne, ko dama can haka suke yi, ban sani ba, ban kuma isa in tambaya ba. Har yau ban san ko wane ne mutumin nan ba. Wata rana in ce maƙaryaci ne kawai mai son wasa da hankalin yara, wata rana in tuna yadda muryarsa ta juye, sai gabana ya faɗi. Abin da na riga na faɗa mishi kuwa ya tafi, ba ya dawowa.

Ban daina gem ba, ba zan yi ƙarya ba, har gobe ina son tankoki kuma in ka zaunar da ni zan cika maka kunne. Sai dai na gane ni da ke koya wa mutane kada su ba da haƙarƙari, nawa a buɗe yake, kuma mutumin nan bai sha wuyar gano shi ba: so nike a ce na sani. 'Yan'uwana matasa masu buga wasa da mutanen da ba ku taɓa gani ba, ku buga, ba laifi, amma ranar da abokin wasa ya bar abin da ke cikin waya ya koma tambayar abin da ke bakin titinku, ku tsaya. Ku tambaye shi ɗan gidan wa ne, ku ce za ku kai gaisuwa. In yana da gida zai faɗa. Ni dai duk lokacin da na je ƙauyen kawu nakan tsaya wurin mai shayin nan, yana amsa gaisuwata, yana zuba mini, amma har yau in na ciro waya daga aljihu sai ya daina kaɗa ƙwai ya dube ni.