Uwar Kwaɗi da Kwalabenta

Kafin masu shara su iso sashen nazarin dabbobi na jami'a, ita ta riga ta buɗe ɗan ɗakinta da ke ƙarshen baranda. Ta rataye mayafi, ta sa farar riga, ta bi kantar ɗakin tana shafa murafen kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibai ne suka laƙaba mata Uwar Kwaɗi don tsokana. Ta karɓe sunan hannu biyu, ta ce ai 'ya'yan nata ba sa yajin aiki.

Sana'arta gyaran kwarangwal ɗin kwaɗi. Takan jiƙa talibambam, wato jaririn kwaɗo mai wutsiya, a magani har namansa ya yi garau, sannan ta rina shi: guringuntsi ya kama shuɗi, ƙashi ya kama ja. Ta jera kwalaben daga hagu zuwa dama, daga talibambam mai kai shuɗi zalla har babban kwaɗo da ya rine ja. Kowa ya bi layin da ido zai ga yadda ƙashi ke cin guringuntsi a hankali. Babu wanda ya iya wannan aiki sai ita, kuma hukuma ta sha faɗa cewa ranar da ta bar aiki za a rufe ɗakin.

Dakta, wadda ke koyar da darasin yanzu, a gaban Uwar Kwaɗi ta fara riƙe hantsaki tun tana ɗaliba. Har yau tana maimaita wa ɗalibai maganarta: "Kakannin kwaɗi na dā, kansu ruf yake da ƙashi kamar kwalkwali. Na yanzu sun rage kaya, ƙoƙon kan duk tagogi." Uwar Kwaɗi, ke ce kika sa waɗanda ke ƙyamar kwaɗo suka koma leƙa kwalba har a manta da lokacin tashi.

Da ritayar Uwar Kwaɗi ta zo, Dakta ta shirya taron bankwana. Don ƙawata zauren, ta kwaso kwalaben ta zuba a kan tebur yadda suka zo hannunta, ba ta kula da jeri ba. Aka roƙi Uwar Kwaɗi ta yi wa mutane bayani na ƙarshe. Ta miƙe da murmushi, ta laluba gefen tebur, ta ɗaga kwalbar farko ta hagu.

"Ga talibambam," in ji ta. "Ku dubi kansa, shuɗi ne zalla, ko ɗigon ƙashi babu."

Abin da ke cikin kwalbar ƙaton kwaɗo ne, ja wur. Wasu suka fara dariya, suna zaton wasa ne. Ita kuwa ta ci gaba, tana nuna wutsiyar da babu ita. Dariyar ta mutu. Dakta ta matso ta riƙe mata hannu.

"Inna, me kike gani a kwalbar nan?"

Uwar Kwaɗi ta juya kwalbar a tafinta, ta ji nauyinta. "An taɓa mini jeri ke nan," ta ce a hankali. "To, ranar wanka ba a ɓoye cibiya. 'Yata, hazo nake gani. Ya daɗe."

"Kuma ba ki faɗa ba?"

"In faɗa a sallame ni, a sa kwaɗo a ƙofa? Ni da kwaɗi mun saba, amma ban da wannan. Na ce bari in jira a kawo wanda zan koya wa."

Ba wanda ya iya yin dariyar. Dakta ta tuna sau nawa ta gan ta tana bin bango da hannu, ta ɗauka tsufa ne. Abin ya girgiza ta, ya kuma ba ta kunya. Kunyar ta kowa ce a sashen, domin an yi shekaru ana gaishe ta kullum safe, ba wanda ya dube ta da kyau.

Washegari Dakta ta kai ta asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na dama ya tafi, ba ya dawowa; na hagu saura kaɗan, ana lallaɓa shi da magani. Da an zo da wuri, in ji shi, da ba a kai nan ba.

Ke ce kika ba da idonki don kada ɗalibai su koyi ƙashi a allo kawai. Ba mu ce kin yi daidai ba, Inna, don ido ba shi da na canji. Amma mun gode, Allah Ya saka miki, Ya tsare miki wanda ya rage. Masu aiki su yi koyi da riƙon amanarki, shugabanni kuma su riƙa duban na ƙasa da su tun ba a yi fargar jaji ba.

An dai rufe ɗakin kamar yadda aka ce. Dakta kan je gidanta duk ƙarshen mako da hantsaki da kwalba, ita kaɗai. Uwar Kwaɗi ta ce akwai kujeru a tsakar gida, duk mai son koyo ya zo.

"Amma ki ce su hanzarta," in ji ta, "tun ina iya ganin hannunsu."