Rumbun Baffa

Ina budurwa lokacin da Nasara suka ci Kano. Labarin ya iso mu a unguwarmu ta gindin duwatsun Dutse, kuma kafin damina ta faɗi gidaje da dama sun ɗaure kaya sun nufi gabas, suna cewa ba za su zauna a ƙarƙashin baƙi ba. Cikin masu tafiyar har da maƙwabcinmu, wanda nake kira Baffa, da matarsa, da 'yarsu, aminiyata tun muna wasan ƙasa.

Mahaifina shi ne limamin unguwa, yana kuma karantar da yara a zaure. Baffa ya same shi ya ce zai bar masa gonarsa da bishiyoyin dabinonsa da rumbunsa, har Allah Ya dawo da shi.

"Ni kaɗai ba zan riƙe ba," in ji Malam. "Ni ma mai mutuwa ne. Ka zo bayan La'asar ka faɗa a gaban jama'a."

Haka aka yi. Baffa ya faɗa a ƙofar masallaci, mutane suka amsa sun ji, aka shafa fatiha. Washegari suka tafi. Na raka aminiyata har bayan gari.

Shekaru suka wuce ba labarinsu. Na yi aure a unguwar, na haihu. Sannan aka fara aiko masu awon gonaki da takun ƙafa domin haraji, aka ce duk gonar da ta zama saura dagaci zai ba wani. Don kada hakan ta faru, kowace damina maza sukan yi gayya su nome gonar Baffa, mu mata mu dama fura mu aika. Dabinon ne ke biyan harajinta. In kaka ta yi, a fitar da tsohon hatsi a ba miskinai zakkarsa, a musanya sauran da sabo, a sake liƙe bakin rumbu da laka. Ni kuma nakan shiga gidan in share tsakar gida, in duba jinka kafin ruwa ya sauka.

Sai shekarar yunwa ta zo. Ruwa ya ɗauke gero bai fid da kai ba. Muka cinye na rumbu, muka koma dusa da tafasa da yaɗiya. Yara suka daina wasa. Rumbun Baffa yana tsaye cike a gidan da babu kowa, abin da ke tsare da shi laka ce da yaro ma zai iya fasawa. Kowa ya san abin da ke ciki. Ina shiga shara, ban taɓa ganin sawun mutum kusa da shi ba.

Ranar da aka binne jaririn maƙwabciyata, Malam ya tsayar da mutane bayan jana'iza. Mijina ne ya ba ni labarin abin da aka yi. Malam ya ce yana ganin a buɗe rumbun. Wani tsohon maƙeri, wanda shi ma jikokinsa ke kwance, ya girgiza kai.

"Allah gafarta Malam, amana ce fa."

"Amana ce, Baba. Shi ya sa ban buɗe ni kaɗai ba. A gabanku aka ba da ita. In mutum ɗaya ya ce a'a, a bar shi a liƙe."

Maƙerin ya ce, "Na san mai shi. Da yana nan, da tuni ya buɗe. Amma kada a raba a kai gidaje. A dafa a wuri ɗaya, kowa yana gani."

Shi da kansa ya fasa lakar. Muka kafa tukwane a tsakar gidan Baffa, muna dama kunu safe da yamma. Yara da masu goyo da tsofaffi ake fara ba. Har baƙin da yunwa ta koro daga arewa, da matan Fulani da shanunsu suka ƙafe, ba a tambayi kowa daga ina yake ba. Malam kuwa bai taɓa kai ludayin kunun nan bakinsa ba, har ya rame rawani ya yi masa yawa. Mun rasa mutane duk da haka, amma da yawa sun ga damina. Da kaka ta yi kyau, ba wanda aka aika wa ya biya. Kowane gida ya kawo damin da ya iya, har rumbun ya cika.

Wata hantsi ina daka, wata mace ta yi sallama da yaro a hannu. Sai da ta kira ni da sunan da take tsokanata da shi na gane aminiyata ce. Iyayenta duka sun rasu a hanya, can bayan Borno, mijin da ta aura ma haka.

Bayan ta huta, Malam ya kira dattawa zaure, ya zayyana mata duk abin da aka yi, bai rage komai ba. Ya ce, "'Yata, mun taɓa dukiyarku ba da izini ba. Ki yafe mana."

Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka. Da ta iya magana ta ce, "Baba, mu ma kunun mutanen da ba mu sani ba ne ya rayar da mu a hanya. Ku yi wa mahaifina addu'a kawai."

Aka yi addu'a, dattawa suka watse. Na ɗauki yaron, wanda barci ya kwashe a jikin bango, muka shiga gidansu. Ta tsaya tana duban ɗakin uwarta, ni kuma na hura wuta na ɗora mata ruwan wanka.